Sunan da Hajiya Ba Ta Faɗa

A ɗakin malamai na ji labarin cewa mahaifiyata na kwance rai a hannun Allah. Ina cikin duba jarrabawar ɗalibai a makarantar da nake koyarwa a Gumel, sai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa, fuskarsa cike da tausayi, ya ce, "Malam, ashe haka Hajiya ke fama ba ka faɗa mana ba?" A shafin kasuwancinta na sada zumunta aka rubuta, inda kullum da safe ake sanya farashin zoɓo na ranar. An ce jiki ya tsananta, bana ba za ta sayi zoɓo ba, masu kaya su nemi wani wuri, ana kuma barar addu'a. Har da hotonta na ranar da ta dawo daga Makka, wanda ta fito a rame.

Na kira wayarta, ana kan magana. Na kira ta autarmu, ita ma haka. Ko izini ban nema ba, na bar takardun yara a kan tebur na nufi tashar motar Maigatari, garin da sitonta yake.

Hajiya 'yar kasuwar zoɓo ce. Tun rasuwar mahaifinmu take saye a hannun matan ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da Ɗanzomo, a tsince, a ƙara shanya shi, a ɗura a buhu, ta kai wa wani Alhaji a Kano mai fitar da shi ƙasashen waje. Ba ta fi sauran 'yan kasuwar sito ba, ba ta fi su mota ba. Abin da ta fi su shi ne idan ta ce ranar kaza kaya za su iso, to ranar za su iso. A shekarar da nake ba da labari ta yi wa Alhajin alkawarin tirela guda cike kafin ƙarshen wata, kuma zoɓon yana hannun matan ƙauye, ba a gama tattaro shi ba.

Da na isa sitonta sai na tarar da takalma jibge a bakin ƙofa. Na kutsa ciki. Ga Hajiya tsaye a gaban sikeli, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana yi wa leburori faɗa a kan wani buhu da aka ɗinke da danshi. A kewaye da ita kuwa 'yan dubiya ne zaune a kan tabarmi. Wata ta zo da ƙwaryar fura, wata da ƙwan zabi, wani dattijo da rubutu a gora. Wata tsohuwa tana ta jan zanenta tana cewa, "Hajiya ki kwanta mana. Masu irin wannan ciwon haka suke, sai su yi ta ƙarfin hali." Duk lokacin da Hajiya ta rantse cewa lafiyarta ƙalau, sai su haɗa baki su ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ta hango ni, ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta ce wa iska, "Har da mutumin Gumel? To a gaya masa ban mutu ba."

Mutumin Gumel ni ne. Ni ne ɗanta na fari, kuma tun da aka haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba. Haka ta tarar a gidansu, haka uwarta ta yi: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ina ƙarami ni ne "yaron nan". Da na tasa na koma "wancan". Da na kama aiki a Gumel sai na samu ƙarin girma. Akwai wani mai awo da ya daɗe yana yi mata aiki, sunanmu ɗaya, har ya bar aikin "mai sunan wancan" take ce masa. A fili ban taɓa damuwa ba, don ba ni kaɗai ba ne ɗan fari a duniya. A zuci kuwa na sha jin kishin ƙannena, idan na ji tana ƙwala musu kira da sunayensu ko da don ta zage su ne.

Da ƙyar aka sallami 'yan dubiya, muka shiga ɗan ofishin da ke ƙuryar sito. Mu biyar ne: Hajiya, da ni, da autarmu wadda ta karanci kwamfuta kuma ita ke kula da harkar intanet ta sito, da kawunmu ƙanin Hajiya mai riƙe da sikeli, da direban Hajiya, wani mutumin Damagaram mai yawan dariya. Auta ta buɗe kwamfuta ta yi mana bayani. Wani ya shiga shafin kasuwancin ya rubuta wancan saƙon, ya shiga imel ya aika wa Alhajin Kano irinsa, sannan ya sauya kalmar sirri ya kulle mu a waje. Alhajin ya riga ya kira. Hajiya ta ce masa ƙarya aka yi mata, shi kuma cikin ladabi ya ce Allah ya ba ta lafiya, kada ta wahalar da kanta, zai ɗan nemi madafa a wani wuri.

Auta ta ce, "Hajiya, wa da wa ya san kalmar sirrin nan?"

Hajiya ta ce, "Ba wanda ya sani. Ni ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Kawu ya yi tari. Direba ya ɗaga kai yana duban kwanon rufi kamar yau ya fara ganinsa. Auta ta dafe goshi.

Ni kuwa na gyara zama, na ɗauko muryar da nake yi wa 'yan aji magana, na ce ai bincike daga tushe ake fara shi, a gaya mini kalmar tukuna, in ga ko mai sauƙin zato ce. Sai na ga su duka sun zuba mini ido, ban da Hajiya da ta shiga gyaran bakin gyalenta. Direba ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

Na ce, "Me ya faru? Na faɗi wani abu ne?"

Kawu ya ce, "Ɗana, ai kai ne."

Ga yadda abin ya samo asali, kamar yadda auta ta warware mini. Ranar da ta fara buɗe wa Hajiya imel, na'ura ta nemi kalmar sirri. Hajiya ta tambaya mece ce kuma kalmar sirri. Auta ta ce makulli ne, kalma ce da ba wanda zai iya ji daga bakinki. Hajiya ta yi tunani. A duk duniya akwai kalma ɗaya da ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta furta ba. Ta karɓi wayar, ta juya baya, ta danna da yatsa ɗaya, don ta yi karatun yaƙi da jahilci kuma tana alfahari da shi. Na'ura ta ce sai an haɗa da lamba. Ta ƙara ɗaya, tunda na fari ne.

In don a wannan ɗakin abin ya tsaya, da na ce dabara ce. Amma makullin ya yi mata daɗi, sai ta sa shi a ko'ina. Shi ne a shafin kasuwanci, shi ne a kwamfutar ofis, shi ne a intanet ɗin sito, shi ne a duk inda aka tambaye ta. Idan wata manhaja ta matsa sai an sauya, ta ƙara wani ɗayan a baya. Kuma Hajiya mace ce mai aiki da yawa. Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, ba ta da lokacin zama gaban kwamfuta. Sai ta ɗaga murya daga bakin sikeli ta ce wa duk wanda ke kusa, "Kai, shiga ka sa farashi. Sunan wancan za ka sa, da ɗaya."

Haka kawu ya sani. Haka akawunta na farko ya sani, wanda suka rabu baram-baram. Haka na biyu ya sani, wanda yanzu yake yi wa wani ɗan kasuwar zoɓo aiki. Mai gyaran waya na gindin darbejiya ya sani, mai cirar kuɗi ta bakin hanya ta sani, mai shayin ƙofar sito da sunana yake kallon ƙwallo a wayarsa. Direba ya ce, "Wallahi Malam, har a Dungas an san kod ɗin Hajiya. Ni da kaina na taɓa ba wani abokina ya kira iyalinsa da rezo ɗin sito, wato intanet ɗin nan." Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne bai sani ba, saboda a gabansa ne kaɗai ba a taɓa yin zancen ba.

Hajiya ta ce, "To ni na faɗa? Ku tambaye su, wa ya taɓa jin na faɗa?"

Gaskiyarta, ba ta faɗa ba. Ta dai manta cewa ranar sunana an yanka rago, an tara jama'a, maroƙi ya yi shela.

Da farko haushi ne ya kama ni. Ni da nake sa babbar riga in je taron iyayen yara, ashe sunana na yawo a kasuwa hannu-hannu kamar mabuɗin banɗakin tasha. Na buɗe baki zan yi magana sai na dubi yatsanta, wannan ɗaya da take dannawa da shi, ya yi ja da rinin zoɓo. Na tuna kullum da safe ita ke buɗe kwamfutar nan da kanta kafin kowa ya zo. Sai na fasa maganar.

Kada kuma a yi wa Hajiya dariya ita kaɗai. Da labari ya bazu, 'yan kasuwar layinsu suka yi ta zuwa jaje suna ba ta shawara, kowa na nuna shi gwani ne. Wani ya ce shi lambar motarsa ya sa, ba mai iya zato, alhali ga lambar nan an rubuta da fenti ɓaro-ɓaro a jikin motar. Wani ya ce shi lambar wayarsa ce, wadda ke kan allon shagonsa. Wani dattijo mai sayar da riɗi ya ce shi ba ruwansa da wannan duka, ya damƙa komai a hannun surukinsa. Ba a daɗe ba aka ji 'yarsa ta yi yaji.

A ranar da na iso, kafin la'asar auta ta ƙwato shafin da imel ɗin, don tun farko lambar wayarta ta sa a matsayin madogara. Ta goge saƙon ƙarya, ta rubuta cewa Hajiya na nan lafiya tana sayen zoɓo. Sai dai labarin ciwo ya riga ya shiga ƙauyuka a baki, kuma a ƙauye ba a goge magana da yatsa. Mutane suka ce ai dole iyali su ce haka.

Washegari Hajiya ta ce a fito da a-kori-kura. Ta zauna a gaba, ta sa aka sauke gilashi, ni da kawu muka hau baya, muka shiga zagayen nuna wa duniya cewa tana raye. A kowane gari sai ta sauka ta tsaya a inda jama'a suka fi yawa, ta yi ciniki da ƙarfi. A Gagarawa ta sayi tsire ta ci a tsaye a bainar jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba. A Sule Tankarkar ta ture lebura ta ɗaga buhu da kanta, ta kwana biyu tana ciwon baya a ɓoye. A Ɗanzomo muka shiga gidan wata mata da ta fi kowa tara mata kaya. Matar na ganinta ta fashe da kuka, ta rungume ta tana godiya ga Allah. Da ta share hawaye sai ta sunkuyar da kai ta ce da safen nan wasu suka zo da mota, suka ce tunda Hajiya ba ta da lafiya su za su taimaka, suka kwashe komai. Hajiya ta dubi ɗakin ajiyar da babu komai sai ɓurɓushin ja a ƙasa, ta ce ba komai, Allah ya sa albarka. Daga nan muka juyo Maigatari.

Tirelar ta cika, amma sai da wata ya shige. Karo na farko ke nan da kayan Hajiya suka makara. Alhajin Kano ya karɓa, ya yi mata barka da samun sauƙi, ta gaji da musu ta ce na gode. Da shekara ta zagayo sai ya raba odarsa biyu, rabi ita, rabi wani, wai don kada nauyi ya yi mata yawa. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, kuma ni ma ya yi mini. Wanda ya yi aika-aikar kuwa har yau ba mu san shi ba. Kawu ya so a kai ƙara, auta ta tambaye shi ƙarar wa, don in za a kama duk wanda ya san makullin sai a rufe kasuwa.

Bayan ƙura ta lafa auta ta zo da maganar manhajar ajiyar kalmomin sirri, irin wadda ake yi don 'yan kasuwa. Ta sa aka kira ni don in taya ta baki. Ta ce wa Hajiya abu ne kamar akwatin ƙarfe a cikin kwamfuta da waya. Shi zai ƙera wa kowace ƙofa makullinta daban, dogo, haruffa da lambobi a cakuɗe, ya ajiye, ya kuma buɗe da kansa idan an zo shiga. In ɓarawo ya samu na ƙofa ɗaya, ba zai buɗe sauran ba. Kawu zai samu tasa hanyar shiga, akawu tasa, kowa iya ƙofar da ta shafi aikinsa, kuma za a ga wanda ya shiga. Ranar da mutum ya bar aiki a toshe tasa, a sauya abin da ya taɓa riƙewa, ba sai an bi shi da roƙo ko rantsuwa ba.

Ta nuna mata samfurin kalma ɗaya. Hajiya ta ƙura ido ta ce, "Wannan ai kaza ce ta taka. Yaya ake karanta shi?"

"Ba a karantawa, Hajiya."

"To yaya zan riƙe?"

"Ba za ki riƙe ba. Akwatin zai riƙe."

"Sitona, kayana, a ba ni makullin da ni kaina ban san shi ba?"

Auta ta ce, "Wanda ba ki sani ba, ba za ki iya kwatanta wa mai shayi ba."

Hajiya ta harare ta, ta ce yaran zamani ba su da ta ido. Kawu ya ce shi tsoronsa kada akwatin ya ɓace da komai, auta ta ce za a tanadi hanyar gaggawa a hannunta, kamar yadda ake ajiye makullin sito na biyu a gida. Direba ya tambaya ko shi ma za a ba shi ƙofa, aka ce masa ƙofar mota ta ishe shi.

Saura abu ɗaya. Akwatin kansa yana da babban makulli, kuma wannan dole mai shi ya riƙe a ka. Auta ta ce a samo jimla doguwa wadda ba ta shafi kowa a gidanmu ba, ba suna, ba lambar mota, ba garin haihuwa. Sai Hajiya ta ce, ba tare da ta dubi inda nake ba, "Wancan na da, in aka ƙara masa lambobi da yawa fa?"

Auta ta dube ni. Na san abin da take so in faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na ce, "Hajiya, a bar shi. Ya riga ya tsufa a kasuwa." Ban taɓa faɗar magana mai nauyi a bakina irin wannan ba. Ta ce to, ku fita. Muka fita, ta daɗe a ciki ita kaɗai tana danne-danne, sannan ta kira auta ta ce an gama. Har yau ba wanda ya san abin da ta sa, kuma tun daga ranar ba a sake kwantar da ita ciwo a intanet ba. Akawu na uku ya zo ya tafi, aka toshe ƙofarsa kafin ya kai tasha. Mai shayi ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya fara sayen data.

Da hutun makaranta ya zo na je Maigatari na kwana biyu. Da safe na bi ta sito, na zauna a kan buhu a bayanta ina jiran a kawo koko. Ta buɗe kwamfuta, akwatin ya nemi babban makulli. Na ga jan yatsan nan ya tashi, yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya a hankali. Na san inda haruffan sunana suke a allon dannawa, kowa ya san nasa. Ta gama, ta ƙara ɗaya, ta danna. Akwatin ya yi ja, ya ce ba daidai ba ne. Ko gezau ba ta yi ba, ba tsaki, ba mamaki. Ta goge, ta rubuta doguwar jimlarta, ya buɗe, ta shiga duba farashi.

Daga baya auta ta ce mini kullum haka take yi, sau ɗaya kowace safiya, ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta ce ta so ta yi mata magana, don kada wata rana akwatin ya ɗauka ɓarawo ne. Na tambaye ta ko kuskure ɗaya a rana yana ɓata wani abu. Ta ce a'a. Na ce to ki ƙyale ta.

A safiyar dai ban motsa daga kan buhun ba, ina kallon bayanta, idona ya cika. Ita kuwa ba ta waiwayo ba. Ta ɗaga murya ta ce wa kawu, "Wai ba a kawo wa mutumin Gumel kokonsa ba ne har yanzu?"